Takardar Da Manniru Ya Karanta Daga Dama

Manniru ya karanta takardar ne daga dama zuwa hagu. Kuskuren ke nan, babu wani. Ba a yi sata ba, ba a yi asiri ba. Mutum ne ya ɗora yatsa a gefen da bai kamata ba, ya bi layi, ya ga yana hawa, alhali sauka yake yi.

Manniru shi ne shugaban 'yan dako na Kasuwar Gudu, ɓangaren masu kayan wuta. Shekararsa goma sha tara yana ɗaukar kayan mutane a Abuja. Ƙato ne mai gajeren zance. Bai taɓa zama a aji ba, amma ya yi allo har ya sauke, ajaminsa kamar na malami, kuma lamba ba ta ɓace masa. Mutum ashirin da bakwai ne a ƙarƙashinsa. Sun shekara uku suna tara kuɗi don su sayi akori-kura ta hannu, saboda baro ya gama cinye musu baya, masu shago kuma sun fara kiran masu mota in kaya ya yi nauyi. Duk lokacin da suka kusa, sai farashin motar ya ƙara gaba ya bar su.

Da damina ta sauka, sai wani saƙon murya ya riƙa yawo a wayoyi. Wani mai zaƙin baki ne yake cewa hannun jarin wani kamfanin shinkafa ya yi arha, wanda ya saya yanzu zai ninka kuɗinsa kafin shekara. Zakariyya ne ya kawo maganar rumfarsu. Zakariyya a sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro yake kwana. Daga gabas ya gudo da matarsa Rekiya, da kayan jikinsu kawai, kuma rabin abin da ya zuba a ƙungiya daga kaskon awarar Rekiya ya fito. Shi ya fi kowa ƙosawa a sayi motar nan, don shi kaɗai ya iya tuƙi.

Manniru ya saurari saƙon har ƙarshe, ya ce, "Ba na taɓa kuɗin jama'a da maganar waya. Ina da ɗa a ofis. Shi zai duba mana."

Ɗan da yake nufi Zulkifilu ne, ɗan yayarsa Iyatu. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, yana aiki a sashen ƙididdiga na wata ma'aikata a Garki. Amma a idon Manniru har yanzu yaron nan ne da ya riƙa saɓawa a kafaɗa ranar kasuwar ƙauyensu.

Ya yi masa waya, ya je ranar Litinin. Mai gadi ya dubi silifas ɗinsa da rigarsa, ya tsayar da shi a rana sama da awa ɗaya. Motoci na shiga, ana sara musu, shi yana tsaye. Kafin Zulkifilu ya sauko, zuciyar Manniru ta riga ta cika.

Zulkifilu ya fito da sauri, kati na lilo a wuyansa, takarda a hannu. Ya rusuna.

"Kawu, yi haƙuri, oga ne ya tsare mu. Ka ga layin nan? Shi ne farashin. Yadda ya taho ɗin nan haka zai ci gaba, sai dai wani ikon Allah. Ba ni minti ashirin in fito in yi maka bayani."

"Bayanin me? Ba layi ba ne?"

"Layi ne, amma..."

"Na sauke Alƙur'ani uwarka na goye da kai. Layi ne zai gagare ni? Kawo."

Ya fizge takardar ya tafi.

A rumfa ya shimfiɗa ta a kan buhu. Akwai rubutun boko a ƙasa, bai bi ta kansa ba. Lambobi na gefe ya gane su: ƙananan a ƙasa, manyan a sama. Layin kala biyu ne, baƙi da ja, jan yana hannun dama. Wannan ma ya kwantar masa da hankali, domin a littattafan da malaminsa ya rubuta da hannu, jar tawada ita ce take nuna farkon babi. Ya ɗora yatsa a kan jan, kamar yadda ya saba fara kowane karatu tun yana yaro. Layin ya fara a kwance a ƙasa, yana rarrafe. Sannan ya ɗago kai. Sannan ya miƙe ya harba sama har ya kusa fita daga takardar.

Ya kira jama'arsa ya bi musu da yatsa. Zakariyya ya yi kabbara. Wani ya ce wannan ai ba akori-kura ba, tirela za su saya.

Da la'asar Zulkifilu ya kira.

"Kawu, ka gane zanen?"

"Na gane."

"To ka san abin yi ke nan."

"Na sani."

A satin aka tura Zulkifilu aikin ƙirga a wata jiha, wata biyu da rabi. A satin kuma wani mai POS na bakin kasuwa ya buɗe wa Manniru asusu a wayarsa, suka zuba duk abin da suka tara, kowane hannun jari naira arba'in.

Ranar da Oktoba ta shiga, farashin naira ashirin ne.

Manniru bai yi sallama da kowa ba. Ranar Alhamis, bayan Zulkifilu ya dawo, ya tare shi a wajen ajiye motoci, a gaban abokan aikinsa, ya shaƙo wuyan rigarsa ya kwaɗa masa mari har tabarau ya faɗi.

"Ni za ka tozarta? Nawa suka ba ka?"

Zulkifilu ya dafe kunci. Bai rama ba, bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki tabarau ya ja kawunsa bayan wata mota.

"Me ya faru, Kawu?"

"Ka ce mu saya, mun saya. Rabi ya tafi."

"Kun saya? Innalillahi. Ni na ce ku saya?"

Manniru ya zaro takardar daga aljihu, ta yi laushi don ninki, ya manna ta a kan motar ya bi layin da yatsa. Zulkifilu ya kalli inda yatsan ya fara. Sannan ya kama yatsan kawun nasa, ya ɗaga shi, ya kai shi ɗaya gefen.

"Daga nan ake farawa, Kawu. Nan Janairu ce, naira ɗari da sittin. Nan Afrilu, tamanin. Nan Yuli, lokacin da ka zo, arba'in. Ba cire masa ake yi kaɗan-kaɗan ba, raba shi biyu ake yi duk wata uku. Rabi, sai rabin rabi. Shi ya sa layin ya faɗo da ƙarfi daga farko, sannan ya kwanta yana jan ciki. Jan nan ba farko ba ne. Abin da lissafi ya nuna zai zo ne. Ga ashirin ɗin nan, na rubuta ta tun Yuli."

Ya juya takardar ta baya, ya ɗaga ta ga rana. Layin ya fito ta cikin takardar a juye, yana tashi.

"Ka gani? Wannan ka karanta. Lissafi ɗaya ne. In ka juya shi, mai raguwa rabi-rabi ya koma mai ninkawa biyu-biyu."

Manniru ya daɗe yana kallon takardar. Shekara goma sha tara babu wanda ya taɓa kama shi da kuskuren sisi. In rigima ta tashi tsakanin ɗan dako da mai shago, shi ake kira, abin da ya faɗa ya zauna.

"Kada ka gaya wa kowa," ya ce.

"Ba zan faɗa ba. Amma ku sayar yau, Kawu. Janairu naira goma ce."

Da Manniru ya koma Gudu, suna rumfa suna jiransa, babu wanda ya fita aiki.

"Me ya ce?" in ji Zakariyya.

"Ya ce lissafi ne ya juya."

"Lissafi ya juya, ko an biya shi ya zana mana ƙarya? 'Yan bokon nan bakinsu ɗaya da masu kamfani. Su sayar mana da ruɓaɓɓe, su raba a ofis."

Duk suka juyo suna kallon Manniru. Kalma biyu ce ta rage masa: ni ne. Ya buɗe baki, ya ga idanun mutum ashirin da bakwai da suke ce masa Shugaba, ya rufe. Ya tashi ya ce zai yi alwala.

Ranar Juma'a Zulkifilu ya kira shi sau tara. Bai ɗauka ba.

Ranar Asabar da hantsi kasuwa ta cika. Manniru na ɗaure kwalayen waya a baro a gaban shagon Angelina, wata 'yar kudu mai sayar da wayar wuta wadda ta fi shekara goma tana ba su aiki, sai ya hango farar shadda tana ratsowa ta cikin mutane. Zulkifilu ne, da babbar takarda a naɗe a hammata. Ya sake zana abin da girma, ya zo ya roƙe su su sayar kafin sauran rabin ya tafi.

Manniru ya saki igiya ya nufe shi. "Koma. Koma yanzu."

Ya makara. Wani ya riga ya yi fito. Kafin ka ce me, 'yan dako sun fito daga lunguna, wasu da ƙugiyar jan buhu a hannu, wasu da katakon baro. Suka yi musu zobe.

"Assalamu alaikum," in ji Zulkifilu. "Na zo ne in..."

"Riƙe sallamarka, oga," in ji Zakariyya. Ya matso har numfashinsa na taɓa fuskar Zulkifilu. "Kai ka zana takardar nan?"

"Ni na zana."

"Da kyau. Mu jahilai ne, ba mu san boko ba, sai ka yi mana a hankali. Layin da ka ba Shugaba, hawa yake ko sauka?"

Zulkifilu ya juya ya dubi kawunsa. Ba kallon roƙo ba ne. Jira yake yi kawai, kamar yadda yaro yake jira babba ya fara sa hannu a kwano. Manniru ya sunkuyar da kai yana kallon tayar baro.

"Ba ka ji ba ne? Hawa ko sauka?"

"Abin da ya wuce ya wuce," in ji Zulkifilu. "Ku sayar yau, ku tsira da..."

Zakariyya ya sa masa goshi a hanci. Ƙarar ta fito kamar an taka busasshen kara. Jini ya wanke gaban shaddar nan take. Wani ya zabga masa katako a gadon baya, ya durƙusa, wani ya harbe shi a haƙarƙari ya kife. Daga nan babu mai iya cewa wane ne ya yi me. Ƙafafu ne kawai ke sauka. An taka tabarau, an yayyaga babbar takardar, an ja shi da ƙafa a kan kwalta har fatar kuncinsa ta saɓule. Ya yi ƙoƙarin tashi, wani ya maƙala masa ƙugiya a cinya ya fizgo shi ƙasa kamar buhun masara. Ihun da ya yi ya sa masu shago suka fara jan ƙofofi.

Angelina ta fito da gudu tana dukan bayansu da hannu.

"Ku bar shi! Wannan mutum ba ta yi komai! Za ku kashe mutum a gaban shago na? Manniru! Ba ɗanka ne? Ka tsaya kana kallo kamar gunki!"

Wani ya hankaɗe ta ta faɗa kan kwalaye.

Manniru na tsaye. Yana jin kowane duka a cikinsa, amma ƙafarsa ta ƙi ɗagawa. Yana gaya wa kansa yanzu za su gaji, yanzu za su bari, duka ne kawai, yaro zai warke. Ta tsakanin ƙafafu ya hango fuskar Zulkifilu, ido ɗaya ya rufe, bakinsa na motsi. Bai kira sunan kowa ba. Salati yake yi.

Sai Zakariyya ya ce, "Ku dakata. Ku riƙe min shi."

Ya je shagon mai gyaran janareta ya dawo da guduma, irin babbar nan ta fasa kankare. Fuskarsa duk hawaye da majina.

"Shekara uku Rekiya na gaban wuta. Hayaƙi ya cinye mata ido. Mun bar gida, mun bar gona, mun binne mutum huɗu a hanya, mun zo nan mun fara daga babu. Kai kana cikin sanyin ofis ka ja layi ɗaya." Ya durƙusa. "Da wane hannu ka zana? Wannan?"

Mutum biyu suka take hannun daman a kan dakalin siminti.

A nan ne ƙafar Manniru ta saku. Ya kutsa cikinsu yana watsar da mutane, yana ihu, "Ni ne! Ku bari, ni ne!" Babu mai ji. Sun ɗauka ɗan'uwansa yake karewa. Wani ya tare shi da katako a baki, haƙora biyu suka zube. Ya tofar ya ci gaba. Wani ya kafa masa ƙugiya a kafaɗa, ya ja, naman ya yage, bai tsaya ba.

Gudumar ta sauka yana taku uku daga wurin. Ta sake sauka. Ta uku ta sauka daidai lokacin da ya rungumo Zakariyya ta baya suka zube tare.

Manniru ya miƙe ya haye kan baro, jini na zuba daga bakinsa, ya zaro tsohuwar takardar ya ɗaga sama.

"Ku dube ni, 'yan banza! Yaron nan cewa ya yi kada mu saya! Layin sauka yake! Daga nan ake farawa, daga hagu, ni na fara daga dama kamar allo! Ya ce in tsaya ya yi min bayani, na ƙi. Tun Alhamis na sani. Na sani na yi shiru!"

Zakariyya na zaune a ƙasa, gudumar na tsakanin ƙafafunsa. Ya dubi Manniru, ya dubi abin da ke kan dakalin.

"Tun Alhamis?" ya ce a hankali.

"Tun Alhamis."

Zakariyya ya tashi ya ɗauki gudumar. Manniru ya sauko daga baron ya tsaya, bai kare kansa ba. Ya so a ce ta sauka. Amma Zakariyya ya kasa ɗaga ta sama da ƙugunsa. Ya sake ta ta faɗi, ya dafe kai da hannu biyu ya durƙushe yana wani irin kuka kamar na dabba. Sauran suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na jefar da abin da ke hannunsa.

Angelina ce ta cire ɗankwalinta ta ɗaure hannun daga sama. Ita ta tsayar da mota. Manniru ya saɓi Zulkifilu a kafaɗar da ba ta yage ba ya kai shi. A hanya Zulkifilu ya farfaɗo sau ɗaya, ya ce, "Kawu, kun sayar?" Sannan ya sake suma.

Ba su sayar ba. 'Yan sanda sun zo sun kwashi mutum goma sha ɗaya, sun karɓe wayar Manniru a matsayin shaida, asusun kuma a cikinta yake. Kafin a dawo masa da ita Janairu ta shiga. Ya kai wa mai POS ya duba. Naira goma da 'yan kwabbai.

An saki goma. Zakariyya na tsare yana jiran shari'a, Rekiya na kai masa abinci ranar Lahadi. Ƙungiya ta watse. Manniru ya koma ɗaukar kaya a Garki, inda ba a san shi ba, ƙarƙashin wani yaro da bai kai shekarun zamansa a Abuja ba.

Iyatu ta zo daga ƙauye ta yi sati shida a asibiti. Ranar da ta iso, Manniru ya durƙusa a gabanta a baranda zai yi magana. Ta dube shi ta ce, "Matsa, ka tare min hanya." Ita ce maganar ƙarshe da ta yi masa har yau.

Cinyar ta warke, hancin ya ɗan karkace. Hannun ne likitoci suka yi kwana huɗu suna fama da shi. Ƙasusuwan sun zama gari, naman ya fara baƙi. A rana ta biyar suka kawo takardar amincewa, Zulkifilu ya sa hannu da hagu, wani karkataccen zane kamar na ɗan aji ɗaya. Suka yanke shi daga wuyan hannu.